Katin gaisuwa mai tagar jel: wa ya san yadda ake hana shi yoyo?

Maman Ilham, Agege: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah akwai wadda ta taɓa haɗa katin gaisuwar nan da ake huda wa taga a gaba, a sa jel da ƙyalƙyali a bayanta, in ka danna da yatsa abin ciki ya riƙa yawo? Makarantar su Ilham ce ta ce in yi wa malamai na ƙarshen zango. Samfurin da na haɗa da ƙaramar ledar nan mai zif ya yi kyau a ɗaki, amma kafin ɗan saƙo mai babur ya kai shi Ikeja, jel ya tsattsafo ta bakin zif ya jiƙa kwalin. Da me ake like shi?

Ummi Obalende: Wa alaikumus salam. Anti ki bi bakin da salatif mai faɗi, haka na ga ana yi a bidiyo.

Anti Rabi, Idi-Araba: Ummi 'yata, masu bidiyon nan ba a Legas suke zaune ba. Salatif zai riƙe miki kwana biyu. Daga nan zafi ya sassauta gam ɗinsa, laima ta shige ƙarƙashinsa, sai ki ga gefe ya ɗago. Zif kuwa ba don ya riƙe abu mai ruwa a ƙarƙashin danni aka yi shi ba. Akwatin ɗan saƙo cike yake da kaya, ana ɗora wani kan wani, ga rana, ga gargada. Duk abin da ya danne katin, jel zai nemi hanya, hanyar da ta fi sauƙi kuma ita ce zif.

Maman Ilham, zafi ne kaɗai maganinsa. Ki yanke zif ɗin ki yar, ki like ledar da injin like leda, irin wanda masu cincin da kilishi suke amfani da shi. Ki yi layi biyu, ɗaya a bayan ɗaya, da ɗan tazara tsakaninsu, don in na ciki ya saki na waje ya tare. Abin da ke kayar da mutane shi ne jel ya taɓa wurin da za a like. Ko ɗigo ɗaya ne ya shafi wurin, ledar ba za ta kama juna ba, za ki ga layin ya fito da kyau amma akwai ƙofa a ciki. Shi ya sa ni da sirinji nake zubawa, wanda ba allura, in zura bakinsa har gindin ledar, in matsa a hankali, in zaro shi ba tare da ya goga a gefe ba.

Maman Ilham, Agege: Allah ya saka da alheri Anti. Ba ni da injin, ga wutar unguwarmu sai a hankali.

Anti Rabi, Idi-Araba: To ki koma ta iyayenmu. Ki samu tsohon bakin zarto na yanka ƙarfe, ki naɗe bakin ledar a kan haƙoransa, ki wuce da shi ta gefen harshen kyandir sau ɗaya, ba tsayawa. Haka masu ƙulla gyaɗa da alawa suke yi tun kafin injin ya zo. Sai dai yana barin ɗan baƙin hayaƙi, amma ai gefen a bayan kwali zai ɓuya. Ki gwada a ledar da ba komai a ciki tukuna har hannunki ya faɗa.

Sadiq na Shomolu: Ranki ya daɗe Anti Rabi, ban ƙi taki ba, amma ni ledar ce ma ban yarda da ita ba. Ledar zif tana da hazo-hazo, kuma tana yamutsewa, sai tagar ta fito kamar ba a gama aiki ba. Mu a wurin buga takardu ledar laminatin muke gani kullum, irin wadda ake rufe satifiket da katin shaida. Ita garau take, tana da tauri, kuma a cikinta akwai gam da zafi ke narkarwa. Bakinta ɗaya a like yake tun daga kamfani. Ki yanka daidai girman da kike so, ki like gefe biyu da bakin dutsen guga ko ƙarfen miƙar da gashi, ki zuba jel, ki like na ƙarshe. Ki nemi mai kaurin maikiron 100 ko 125, shi ne ma'aunin kaurin leda. Mai 80 ma tana yi, amma tana saurin lanƙwasa. Ki ɗora farar takarda tsakanin ƙarfen da ledar kada ta manne masa.

Anti Rabi, Idi-Araba: Sadiq, kyau kam ta fi kyau, ba musu. Amma ka taɓa danna ta? Daɗin katin nan ai shi ne yaro ko babba ya sa yatsa ya kori tauraro daga wannan lungu zuwa wancan. Ledarka mai 125 tauri gare ta, sai ka matsa da ƙarfi kafin abu ya motsa, matsin nan kuma shi ke ɓalle gefe.

Sadiq na Shomolu: In an cika jel ne hakan ke faruwa Anti. Taga mai faɗin santimita 6 ko 7 ba ta wuce cin ƙaramin cokalin shayi biyu ba. Mutane sai su ɗura babban cokali biyu, abu ya kumbura, kati ya ƙi rufuwa.

Anti Rabi, Idi-Araba: A nan mun haɗu. Amma ni dai ina nan kan leda mai laushi, mai kauri, a ja ta ta miƙe sosai kafin a manna. Kowa ya yi da wadda hannunsa ya saba.

Alhaji Sule, Mile 12: Ni tambayata daban ce. Wa ke sayen kati yanzu? Ranar Sallah kafin in sauko daga idi saƙo ya cika waya, da hoton rago da jinjirin wata, kyauta. A zamaninmu katin da muka sani shi ne na Zaɓi Sonka, ka saya ka cike sunayen 'yan uwa ka aika Rediyon Kaduna, ka kasa kunne ka ji an karanto ka. Shi ma ina yake yau? Hajiya, kada ki zuba jarinki a man kitso da kwali.

Ummi Obalende: Baba Alhaji ya zo da tasa 😂

Maman Ilham, Agege: Alhaji ai ba ni na nema ba, su suka nema. A Legas kati bai mutu ba. Ka leƙa makarantun kuɗi ƙarshen zango, ko watan Disamba lokacin da ofisoshi ke rabon kwandunan kyauta, kowane kwando da katinsa a soke. Maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo ba sa kai kyautar haihuwa ko ta aure hannu sake, sai da 'yar takarda mai suna. Mu ne dai ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba.

Alhaji Sule, Mile 12: To su saya na kanti mana, an buga an gama.

Sadiq na Shomolu: Alhaji, a matsayina na mai buga na kantin nake gaya maka, abin da inji ke fitarwa dubu a awa ɗaya ba shi da daraja a idon mai karɓa, ya karanta ya ajiye. Wannan kuwa ana ɗauka a juya, a danna, a miƙa wa na kusa. Inji ba ya iya zuba jel ya daidaita taurari. Shi ya sa masu aikin hannu har yanzu suke da kasuwa a gefenmu.

Nas Hauwa, Surulere: Sannunku. Na ga ana ta maganar leda ba a taɓo jel ɗin kansa ba. Wane iri kika sa, Maman Ilham?

Maman Ilham, Agege: Na gashi ne Anti Nas, fari garau, na ɗiga masa kalar abinci shuɗiya.

Ummi Obalende: Saura wata ta je ta sayo baƙin jel na kama gashi ta ce za ta yi katin dare mai taurari.

Nas Hauwa, Surulere: Ummi ba kya rabo da tsiya. Abin da zan ce shi ne ku gwada jel ɗin da muke shafa wa masu ciki in za a yi musu hoton ciki. Ruwa ne tushensa, ba turare, ba maiƙo, akwai fari akwai mai shuɗi-shuɗi wanda ba sai kin ƙara kala ba. Masu sayar da kayan asibiti a Idumota suna da shi, ƙaramar roba mai mililita 250 da babbar jarka mai lita 5. Ya fi na gashi santsi, abin ciki yana tafiya da sauƙi. Na gashi wani yana da danƙo da yawa saboda an yi shi ne don ya sandarar da gashi.

Abu na biyu, tunda hannun yara zai kai gare shi: ƙananan duwatsun ado da 'yan tsakiyar nan in leda ta fashe, yaro ƙarami baki zai kai. Kada a ba ɗan ƙasa da shekara uku ya yi wasa da shi. Jel ɗin ma in ya shiga ido yana da zafi, a wanke da ruwa mai yawa.

Ummi Obalende: Sanitaiza fa? Tun lokacin korona muke da ragowar jarka a gida, shi ma ai jel ne.

Malam Ɗanjuma, Ojota: Ummi, a bar sanitaiza a wanke hannu. Fiye da rabinsa sinadarin alkohol ne. Na farko, yana kama wuta, ke kuma za ki kai shi kusa da kyandir ko ƙarfe mai zafi. Na biyu, yana narkar da tawadar maka, duk abin da kika zana a ledar zai dame. Na uku, yana saurin tashi, ko ƙofar allura ya samu zai bushe ya bar miki ƙyalƙyali a manne.

Bari in ɗan yi bayani tunda kayan haɗa sabulu da man shafawa nake sayarwa. Yawancin jel ɗin nan, na gashi da na asibitin da Nas ta faɗa, ruwa ne kusan dukkansa. Abin da ke sa shi kauri wani farin gari ne mara nauyi da ake kira kaboma, kaɗan ake sawa, sai a ɗiga wani sinadari da ke kashe tsaminsa, nan take ruwan ya kama jikinsa. To wannan kamun yana da abokan gaba. Babbansu gishiri. Ki ɗebi jel a cokali ki barbaɗa masa gishiri ki gani, kafin ki ƙirga goma ya tsinke ya koma ruwa. Abu mai tsami ma haka, irin lemun tsami. Hasken rana kuma in ya daɗe yana dukansa yana sassauta shi, ya kuma kashe kalar abincin. Don haka kada a jera katin a tagar shago inda rana ke faɗowa.

Anti Rabi, Idi-Araba: Malam ka warware mini wani abu. Cikin 'yan matan da nake koya wa sana'a akwai wadda ta je bakin teku a Lekki ta kwaso yashi da 'yan ƙananan bawon kifi, wai za ta yi katin teku na gaske. Ta zuba a jel, ta like da kyau. Da gari ya waye abin ya zama kamar kokon da ya kwana, yashi ya kwanta a ƙasa, ruwa a sama. Mun ɗauka jel ɗin ne jabu.

Malam Ɗanjuma, Ojota: Gishirin teku ne Hajiya. Ta wanke su sosai, ta jiƙa a ruwan famfo tana canzawa, ta shanya su bushe ƙarau. Amma bawon ma ina tsoron bakinsa, yana da kaifi, zai huda leda. Sannan masu ƙara ruwa don jel ya yi yawa, ku sani akwai maganin hana ruɓewa a cikinsa daidai gwargwadonsa. In kin ninka shi da ruwa kin raunana maganin, bayan 'yan makonni sai ki ga baƙin ɗigo-ɗigo na fumfuna a cikin taga. In ya yi miki kauri, ɗigon gilisarin ya fi ruwa.

Maman Ilham, Agege: Ikon Allah. To kifayen takarda da na yanka na sa a ciki, su ma sun jiƙe sun saki kala.

Sadiq na Shomolu: Takarda ba ta shiga cikin jel sai an yi mata laminatin, a yanka a bar ɗan gefe kewaye da ita. Hanya mafi sauƙi, ki buga hoton a farin kwali ki sa shi a bayan jakar jel ɗin, ana hango shi ta ciki amma ba ya taɓa ruwa. Abin da zai yi yawo kaɗai ki sa a ciki, na roba: taurari, ƙyalƙyali, filawoyin da teloli ke liƙa wa mayafi. Waɗannan a Balogun ko Tejuosho za ki same su a wurin masu kayan ɗinki. Wasu masu arha suna zubar da kala, ki jiƙa kaɗan a jel ki bar shi ya kwana ki gani kafin ki saya da yawa.

Batun kwali kuma. Kada ki sayi na makaranta da yara ke zane a kai. Ki ce a ba ki mai nauyin giram 250 ko 300, a Mushin ko nan Shomolu. A4 ɗaya in kin raba biyu kin naɗe kowanne, kati biyu ke nan masu santimita 10.5 da 14.8, kuma ambulan ɗinsu ana samu a shirye. Ki ja layi da rula da bayan wuƙa kafin ki naɗe, in ba haka ba kwali mai kauri yana tsagewa a gadon bayansa. Ki bar aƙalla santimita ɗaya da rabi tsakanin taga da bakin kati. Ki manna jakar da salatif mai gam ciki da waje, sannan ki kewaye ta da mai soso, mai kaurin milimita 2 ko 3, ki rufe da wani kwalin ta baya. Soson nan shi ke ɗaukar nauyi in an danne katin, ba jakar ba. Farin gam na kafinta kada ya zo kusa: ba ya kama leda, kuma ruwan da ke cikinsa yana sa kwali ya kantare, balle da damina da iskar garin nan ke jiƙe. Sufa gulu yana bar wa roba farin hazo. Gam na kyandir, wanda ake narkarwa da bindigar gam, yana narkar da leda mara kauri.

Malama Binta, Alaba Rago: Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Roƙona ɗaya ga masu wannan sana'a, musamman in za a yi na Sallah ko na walimar sauka. Don Allah a daina rubuta ayoyi da sunayen Allah a jikin kati. Mun san inda kati ke ƙarewa, wannan kuma da ya fara yoyo kwandon shara za a jefa shi da gaggawa. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana, Allah ya sanya albarka, a rubuta da Hausa ko Turanci ya wadatar.

Ummi Obalende: Malama ai "Allah ya maimaita mana" ma da sunan Allah a ciki.

Malama Binta, Alaba Rago: Kin kama ni 'yata. To a tsaya a Barka da Sallah, sauran a faɗa da baki. Ni dai ayoyin ne suka fi tsaya mini a rai, na sha tsintar katin biki da Bismillah a kwata.

Alhaji Sule, Mile 12: Wannan gaskiya ne Malama. Ni kuma ga wata: gwamnatin jihar nan ba ta hana leda ba? Kada a kama Hajiya da kwali.

Malam Ɗanjuma, Ojota: Alhaji, abin da aka hana tun farkon 2024 shi ne farin kwanon soso na zuba abinci. Daga 1 ga Yulin 2025 aka fara aiwatar da dokar a kan sauran robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar, irin tsinken shan lemo, kofuna da cokulan roba, da leda mai kaurin da bai kai maikiron 40 ba. Ledar da Sadiq ke magana ta ninka haka. Mara kaurin ma ai ba ta da amfani a wannan aikin. Inda maganarka take da ƙamshin gaskiya shi ne ƙyalƙyalin. Roba ce aka niƙa, in aka wanke hannu ta bi kwata sai lagun, babban ruwan nan na Legas. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin na barbaɗawa tun Oktoban 2023. A nan ba a hana ba, amma mai aiki ta shimfiɗa jarida, ta tattara ragowar ta mayar kwalba, kada ta wanke a famfo. Ko ba don teku ba, kuɗi ne.

Hajiya Turai, Festac: Ni mai saye ce ba mai yi ba. In na ce a yi mini na sunan jikata, za a iya aikawa Kano a mota? Ko in tafi da su a jirgi?

Anti Rabi, Idi-Araba: Hajiya, mota kwana take a hanya, kayan kuma ƙarƙashin buhuna ake cusa su. In za a yi, kowane kati a sa shi a tasa ledar, a jera su a tsaye cikin kwalin takalmi, ba a kwance ba, a cike gefe da takarda. Jirgi kuma iskar da ta rage a cikin jakar tana kumbura in an yi sama, don haka a kore kumfa sosai kafin a like. Ni nakan kwantar da jakar a tebur in bi ta da gefen rula daga ƙasa zuwa sama har jel ya kusa layin, sannan in like. 'Yan ƙananan kumfa ba sa komai, suna ma ƙara kyau. Babba guda ɗaya ita ce matsala.

Sadiq na Shomolu: Ni da za ki ji tawa Hajiya, na tafiya Arewa a yi busasshe. Taga ɗaya, soso ɗaya, taurari ɗaya, amma ba jel, sai a girgiza su yi ƙara. Zafin Kano na watan Afrilu yana haura digiri 40, ga bushewar hunturu. Leda ko ta fi kowace kyau tana barin ruwa ya fita kaɗan-kaɗan, bayan watanni za ki ga jel ya ja baya ya bar fili.

Anti Rabi, Idi-Araba: Busasshe ai kowa na yi, Sadiq. Hajiya mai jel ta gani ta yi sha'awa. Kati kuma ba kayan gado ba ne, in ya yi wata uku yana faranta wa mai jego rai ya biya kuɗinsa.

Hajiya Turai, Festac: Ku dai ku daidaita. Sunan saura mako uku.

Nas Hauwa, Surulere: Kowanne za a yi, a gwada jakar kafin a manna ta a kwali. A naɗe ta a farar takarda, a ɗora mata littafi mai nauyi ta kwana. In takardar ta tashi da tabo, a sake wata.

Maman Ilham, Agege: Sadiq, tagar fa? Da reza nake yankawa, da'irar ba ta fita daidai, gefen sai ya yi gatsa-gatsa.

Sadiq na Shomolu: Da'ira da reza wahala ce Anti. In guda goma ne, ki yi mai kusurwa huɗu da rular ƙarfe da sabuwar wuƙar yanka takarda, ki ɗora a kan gilashi ko katako mai santsi, ki ja sau biyu a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. In sun kai hamsin, ki kawo kwalin Shomolu. Akwai masu injin huda, suna da ƙarfen da'ira da na zuciya a shirye, ba sai an ƙera miki sabo ba, kuma a bugu ɗaya za su huda tagar su ja miki layin naɗi. Ki zo da safe kafin masu kalanda da fosta su cika layi, kuma ki taho da ambulan ɗin da za ki yi amfani da shi, a auna da kaurin soson, don wanda ya yi daidai da kati fayau ba lallai ya ɗauki mai taga ba.